Daga Tiga Zuwa Bunkure: Gasar Hotunan Halitta Da Amanar Da Ke Wuyanmu

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya saukar da ruwa daga sama Ya raya ƙasa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, ko ya ratsa ta Bunkure ya nufi Rano, zai ga wani abu da ya saɓa wa yanayin ƙasar Hausa a wannan lokaci. Daji ya bushe, ciyawa ta ƙone, hazo ya lulluɓe sararin sama, amma gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure kore shar, sai ka ce a watan Agusta. Alkama na kaɗawa, tumatir ya yi ja a fangali, belbelu sun yi fari fat a bayan masu huɗa. Mu da muka tashi muna ganin haka, sabo ya sa idonmu ya daina tsayawa a kai. Baƙo ne ke tsayar da mota ya fito da waya ya ɗauki hoto.

A wannan mako muna so mu yi magana a kan wata gasa ta ɗaukar hotunan halitta da jama'ar gari ke shiga a ƙasashe da dama, da yadda ta shafi wannan yanki namu, da abin da malamai suka ce game da hoto, sannan da yadda iyaye da ɗalibai za su ci moriyarta ba tare da sun taka haƙƙin kowa ba.

Wace gasa ce?

A shekarar 2013 wasu masu aikin sa-kai a kundin ilimi na Wikipedia a ƙasar Yukren suka shirya gasar ɗaukar hotunan dazuzzuka da tafkuna da duwatsun ƙasarsu waɗanda doka ta keɓe. Suka raɗa mata suna Wiki Loves Earth. A 2014 gasar ta zama ta duniya, kuma tun daga nan ake yin ta kowace shekara, galibi daga watan Mayu. Najeriya na cikin ƙasashen da ke shiga.

Tsarinta mai sauƙi ne. Ba a biyan kuɗin shiga, kuma ba a tambayar mutum takardar shaidar ƙwarewa. Mutum zai ɗauki hoto da hannunsa, ya ɗora shi a rumbun hotuna na Wikimedia Commons, ya rubuta sunan wurin da abin da ke cikin hoton. Alƙalan kowace ƙasa su zaɓi waɗanda suka fi, su miƙa su ga alƙalan duniya. Hoton da bai ci komai ba ma ba ya zama asara, domin yana nan a rumbu, kuma ana iya sanya shi cikin maƙalar Wikipedia ta Hausa ko ta Larabci ko ta Turanci, ɗalibi a Alƙahira ko Jakarta ya gan shi.

Akwai 'yar'uwarta mai suna Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014, ita kuma kowace shekara da jigon da ake ba ta. A shekarar farko jigon shi ne abinci. A 2023 aka ɗauki yanayi da sauyawarsa, a 2025 kuma aka ɗauki tafiyar abinci daga gona zuwa akushi. Duk wanda ya san kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, ko ya ga shanyar shinkafa a Kura, ya san cewa wannan jigo kamar don mu aka yanka shi.

Bambancin gasannin biyu yana da muhimmanci ga mai son shiga. Ta farko ta fi karkata ga wuraren da hukuma ta keɓe don kare halitta, irin su dajin Falgore. Ta biyu kuwa ta fi dacewa da rayuwar gona da kasuwa da bakin kanal. Akwai kuma matasa masu rubuta Wikipedia da Hausa, waɗanda ke koyar da yadda ake ɗora hotuna, don haka harshe ba zai zama shinge ga ɗalibin da bai iya Turanci ba.

Ƙasar da ruwa ya raya

Kafin a ɗauki hoton wuri, ya kamata a san labarinsa. Wannan kore da muke gani bai kai shekara sittin ba. A zamanin gwamnan Kano na farko, Alhaji Audu Bako, aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, tsakanin 1971 da 1974, a daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Sahel, dabbobi suka mutu, mutane suka yi ƙaura. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan mita-kubik biliyan 2.

Daga Tiga babban kanal ke ɗauko ruwa, ya bi ta Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu zuwa ƙananan magudanai har ya isa gonar talaka. Abin sha'awa shi ne ruwan da kansa yake gangarowa, saboda Tiga ta fi gonakin tudu. Kashin farko na shirin an tsara shi ya shayar da hekta 22,000 a ƙasar Kura da Garun Malam da Bunkure, kuma daga Kadawa aka fara gwaji. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda ke kula da madatsar da magudananta. A Kadawa kuma akwai tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Kakanninmu sun san noman rani tun kafin wannan, amma da jigo suke ɗebo ruwa a fadama, guga bayan guga, su shayar da ɗan lambu. Yau manomi a Gafan ko Ɗan Hassan yana iya noma sau biyu a shekara, wani ma har sau uku: shinkafa da damina, alkama ko tumatir ko albasa da sanyi, masara da bazara. Matasan da a da suke tafiya cin rani sun sami abin yi a gida.

Shi kuwa wannan ruwa daga ina yake? Kogin Kano daga tsaunukan kudu yake tasowa, ya ratsa dajin Falgore kafin ya zuba a Tiga. Turawan mulkin mallaka ne suka fara keɓe dajin da sunan Kogin Kano, daga baya aka mayar da shi gandun namun daji. A 2020 gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin dazuzzuka goma da ta amince a ɗaga darajarsu zuwa gandun ƙasa. Saiwoyin itatuwan Falgore su ke riƙe ƙasa kada ruwan sama ya kwashe ta. Idan aka sare su aka yi gawayi, laka da yashi za su gangaro su kwanta a gindin tafki, ruwan da yake ɗauka ya ragu. Ke nan gatarin da ke sara a Falgore yana taɓa buhun shinkafar Bunkure, ko da mai gatarin da mai shinkafar ba su taɓa haɗuwa ba.

Bayan ya wuce mu ma, ruwan bai gama tafiyarsa ba. Kogin Kano na haɗuwa da na Challawa, su zama Kogin Hadeja, ya wuce Wudil, ya bazu a dausayin Hadeja da Nguru, sannan ya bi ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, saboda ɗimbin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a can. Muna tsakiyar wata doguwar sarƙa ce, akwai na sama da mu, akwai na ƙasa da mu.

Abin da mai haƙuri zai gani

Ɗalibin da ya fita bayan sallar asuba ya zauna shiru a bakin kanal zai ga abubuwan da mai sauri ba ya gani. Zai ga zalɓe tsaye a ruwa kamar an dasa shi, yana jiran kifi. Zai ga belbela na bin shanu tana tsintar farin da ƙafafunsu ke tayarwa. Zai ji kukan kirinjijiya kafin ya gan su sun gifta a jere. Zai ga mazari na shawagi a kan ruwa, da malam-buɗe-littafi a kan furen kabewa, da masunta a Tiga suna zazzage karfasa da tarwaɗa daga kwalekwale.

Idan bazara ta yi nisa zai ga shamuwa ta dawo. Iyayenmu sun ɗauke ta mai bushara da damina, kuma masana tsuntsaye sun tabbatar da abin da suka lura da shi: takan yi ƙaura zuwa kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke a nan, ta komo ta yi sheƙa a garuruwanmu gab da faɗuwar ruwa. Zai ga gawo, itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka hasken rana, ya yi kore da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Zai ga kuka da ɗorawa da kanya da tsamiya da giginya, kowace da amfaninta a tukunya ko a magani.

Alƙur'ani a cikin Suratul An'am ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma, a Suratul Mulk kuma ya ja hankalinmu ga tsuntsu a sararin sama, yadda yake buɗe fiffike yana rufewa. Kira ne zuwa ga kallo na natsuwa. Yaron da ya yi rabin sa'a yana jiran zalɓe ya tashi don ya kama shi a hoto, ya yi irin kallon da da yawa daga cikinmu ba mu taɓa yi ba duk da yawan karanta waɗannan ayoyi.

Hoto shaida ne

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma tarihi ya gaskata su. A 1871 wani mai ɗaukar hoto, William Henry Jackson, ya bi ayarin masu binciken ƙasa zuwa yankin Yellowstone a Amurka. Hotunansa na cikin abubuwan da aka nuna wa 'yan majalisar ƙasar, kuma a 1872 suka keɓe wurin ya zama gandun ƙasa, wanda har yau yana nan. A kusa da mu, hotunan da aka ɗauka daga sama su suka nuna wa duniya yadda Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye ya bar mafi yawan gurbinsa.

Yankinmu ma yana da abubuwan da ke bukatar shaida. Ciyawar kacalla tana toshe magudanai. A dausayin Hadeja da Nguru ta cinye gonaki da wuraren su, kuma masana sun danganta yaɗuwarta da sauyin da madatsun Tiga da Challawa suka kawo, domin kogin da a da yake cika ya ƙafe yanzu yana gudana kusan duk shekara, abin da kacalla ke so ke nan. Ita kuma takan zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Ga ledoji da robobin maganin feshi da ake jefawa a kanal. Ga masu wanke kayan feshi a ruwan da na ƙasa da su za su yi alwala da shi, dabbobi su sha. Ga cutar tsargiya, wadda ƙwayarta ke rayuwa a jikin ƙananan dodon-koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, ta shiga fatar yara masu wanka, su wayi gari suna fitsarin jini. Manoman tumatir kuma ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da suke kira sharon ta cinye gonaki, kwando ya yi tsadar da ba a saba gani ba.

Duk waɗannan ana faɗinsu a majalisa, a jajanta, a watse. Amma hoto mai kwanan wata da sunan wuri ba ya mantuwa. Idan aka ɗauki bakin wani kanal bana, aka sake ɗaukarsa daga wuri guda bayan shekara biyar, ba a bukatar doguwar muhawara kan ko ya cike ko bai cike ba. Shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa za su iya kai shi gaban hukuma, malamin makaranta zai iya nuna wa ɗalibansa, jikokinmu kuma za su san irin itatuwan da suka taɓa tsayawa a wurin.

Me malamai suka ce game da hoto?

Mun san akwai gidajen da da zarar an ambaci hoto sai zuciya ta yi ɗar, kuma wannan tsoro yana da asali. Hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu surantawa. Don haka ya kamata a warware mas'alar daki-daki.

Na farko, surar abin da ba shi da rai, kamar itace da kogi da dutse da gajimare da gona, jumhurun malamai sun halatta ta, ko da da hannu aka zana. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya nemi fatawa wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, sai ya tsoratar da shi game da surar masu rai, sannan ya nuna masa mafita, wato ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Mafi yawan hotunan irin wannan gasa a wannan babi suke.

Na biyu, surar mai rai. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasarmu, abin da aka haramta shi ne sura mai jiki, mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, irin gunki. Wadda aka zana a takarda ko bango ba ta kai haram ba a wurinsu, sai dai karhanci ko barin abin da ya fi. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa a nan.

Na uku, hoton kyamara. Wannan bai zo ba sai a ƙarni na 19, aka bayyana shi ga jama'a a Faransa a 1839, ko da yake tun kafin nan da ƙarnuka malamin nan na Basra, Hasan ibnul Haisam, wanda ya rasu wajen 1040, ya yi bayanin yadda haske ke ratsa ƙaramar kafa ya kai surar abin da ke waje cikin ɗaki mai duhu. Da kyamara ta iso ƙasashen Musulmi sai malamai suka saɓa. Muftin Masar, Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya wallafa risala yana halatta ta, bisa hujjar cewa mai kyamara ba ya ƙirƙirar sura, inuwar halittar Allah kawai yake tsarewa, kamar yadda madubi ke yi. Shaihu Yusuf al-Ƙaradawi ya bi wannan ra'ayi. Shaihu Abdul'aziz bin Baz ya hana hoton mai rai sai da larura, kamar fasfo da katin shaida. Shaihu Ibn Usaimin kuwa ya ga cewa hoton nan-take bai shiga surantawar da aka hana ba a karan kansa, hukuncinsa yana bin manufar da aka ɗauke shi dominta.

Abin da muke gani shi ne, wanda ya ɗauki hoton tsuntsu ko kifi don ilimi da kiyaye halitta yana da magabata a cikin malamai, ba a zarginsa. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba, ga fili nan mai faɗi: fitowar rana a kan Tiga, zangarniyar alkama, saiwar kuka, hadari na haɗuwa a gabas. Kada ɗayansu ya aibata ɗaya.

Ladubban mai riƙe da kyamara

Inda aka fi samun matsala a yau shi ne haƙƙin mutane, kuma a nan babu saɓani. Gonakinmu cike suke da mata masu tsintar tumatir da masu sheƙar shinkafa, bakin kanal kuma da masu wanki da yara masu wanka. Ba ya halatta a ɗauki mace ko namiji ba da izininsu ba a watsa wa duniya. Yaro tsirara ba a ɗaukarsa ko da iyayensa sun yarda. Musulunci ya hana leƙen asirin mutane, ya kuma wajabta neman izini kafin shiga gida, kuma kyamara ido ce da ke shiga inda ƙafa ba ta shiga ba. A sani kuma cewa hoton da aka ɗora a Wikimedia Commons an ba kowa damar amfani da shi muddin ya ambaci mai shi, kuma ba a janye wannan dama daga baya. A yi tunani kafin a ɗora.

Sai haƙƙin gona. A nemi izinin mai ita, a bi kunya, kada a tattake shuka don neman kusurwa mai kyau.

Sai haƙƙin halittar da ake ɗauka. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, ta riƙa shawagi a kansu cikin damuwa, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi musu faɗa ya umarce su da su mayar mata. Saboda haka kada a taɓa sheƙa, kada a ɗaure tsuntsu ko a jefe shi don ya tashi, kada a karya reshe don fili ya buɗe.

Sai gaskiya. Kada mutum ya ɗauko hoton wani a intanet ya ce nasa ne, kada ya ɗauki wani tafki ya ce Tiga ce, kada ya kawo hoton da kwamfuta ta ƙirƙira ya ce idonsa ya gani. Hoton ƙarya shaidar zur ce da aka yi da haske.

Sai kiyaye rai. Babban kanal yana da zurfi da ƙarfin gudu, gefensa kuma da santsi. Kada a bar yara su je su kaɗai, kada wani ya tsaya a bakin gaɓa yana ɗaukar kansa. Jikin madatsa da ƙofofinta ba a ɗaukarsu sai da izinin ma'aikata. Dajin Falgore kuwa ya sha fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi, don haka ba a shigarsa sai da sanin hukuma da rakiyar masu gadin daji. Babu hoton da ya kai ran mutum. Sannan kada neman hasken safiya ko na yamma ya sa a tozarta sallar asuba ko ta magariba.

Mu ma mu shirya tamu

Ba sai mun jira watan Mayu ba. Makarantun Islamiyya da na boko a Bunkure da Barkum da Kumurya da Gurjiya, da ƙungiyoyin matasa da na manoma, za su iya haɗuwa su shirya ƙaramar gasa ta gida, waɗanda suka fi kyau kuma a ɗora su a gasar duniya idan lokacinta ya zo. Ga shawarwarinmu.

A raba gasar gida uku: ruwa da gona, itatuwa da tsuntsaye, sannan abin da ke bukatar gyara. Kashi na uku shi zai hana gasar zama ado kawai.

Kowane hoto ya zo da bayani na layi uku ko huɗu da Hausa: sunan wurin, ranar da aka ɗauka, sunan itacen ko tsuntsun, da abin da dattawa suka sani game da shi. Wannan zai tilasta wa jika ya zauna gaban kakarsa ya yi tambaya. Sunaye da yawa na ciyayi da tsuntsaye suna bakin tsofaffi ne kawai, kuma suna tafiya tare da su.

Alƙalai su haɗa da mai sana'ar hoto, da malamin gona, da tsohon manomi ko masunci, da malama daga makarantar mata. A buɗe wa 'yan mata ƙofa, su fita cikin rukuni tare da malamansu ko muharramansu. Wadda ba ta fita ma tana da zogale da lalle da tantabarun gidansu.

Game da kyauta, a kula da wani abu. Idan aka karɓi kuɗin shiga daga masu gasa aka tara aka ba wanda ya ci, an faɗa cikin caca, domin kowa ya sa kuɗinsa ne tsakanin riba da asara. Amma idan wani daban ne ya sa kyautar, kamar attajiri ko ƙungiya ko mai injin casar shinkafa, wannan halal ne. Kyautar ma ta dace da manufa: littattafai, kuɗin makaranta, dashen mangwaro ko gawo. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen Musulmi sadaka ne a gare shi.

Wayar hannu ta isa. A goge gilashin kyamara, musamman lokacin ƙura. A fita da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da haske ke da taushi. A bar rana a baya ko a gefe. A matsa kusa da abu a hankali maimakon a jawo shi da waya, domin jawowa na ɓata hoto. A daidaita layin da sama ta haɗu da ƙasa kada ya karkace.

A ƙarshe a baje hotunan a harabar makaranta, a gayyaci hakimi da dagatai da jami'an hukumar kogi da iyaye. A tashi daga taron da rana guda da aka tsayar ta aikin gayya, a kwashe leda da kacalla daga magudanar da hotuna suka nuna ta fi lalacewa.

Kammalawa

Keɓe wuri don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, malaman fiƙihu kuma sun yi bayanin harimin rijiya da na kogi, wato filin da ke kewaye da su wanda ba a yarda wani ya mallake shi ya cutar da masu amfani da ruwan ba. A ƙasar Hausa ma an san burtali da makiyaya da kurmin da ba a sara. Abin da ya rage shi ne mu san namu, mu san halin da yake ciki.

Waɗanda suka haƙa waɗannan magudanai a shekarun 1970 yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, mu kuma muna cin gajiyar guminsu. Wayoyi na hannun 'ya'yanmu ko mun so ko mun ƙi. Ya rage gare mu mu nuna musu inda za su juya su: ko ga abin da zai cinye musu lokaci, ko ga ruwan da ke ciyar da su, su san daga inda ya fito, da wanda zai sha bayansu.

Allah Ya albarkaci ruwanmu da gonakinmu, Ya kare manoma da masunta da makiyaya, Ya ba mu ikon riƙe amana. Allah ne Mafi sani.